Shirun da Na Yi a Kan Kunnenka na Hagu

Rigasa, Kaduna.

Zuwa ga Yayan su Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rukayya da ɗan angona Abba. Allah ya sa tafiyar nan ta Jalingo buɗi ce, ya tsare ku a hanya, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya sa albarka a aikin solar da za ka je yi, amin.

Na san za ka yi mamaki, don daga Rigasa zuwa Kinkinau ba nisan da za a rubuta wasiƙa ba ne. Ƙanwarka Binta har dariya ta yi mini, wai, "Mama, ga waya, ki yi masa saƙon murya mana." Na ce ta rufe mini baki ta miƙo biro. Maganar ba ta waya ba ce, kuma ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ido da ido ba. Karatun da na yi a makarantar matan aure yau ga ranarsa. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, hannun juya waina ne ba na rubutu ba.

Bari in fara da abin da nake so, kafin surutu ya ɗauke ni. Kada ku loda kaya a mota sai kun kai Abba asibiti an leƙa kunnensa. Ba kemis na ce ba, asibiti. Kuma kai da kanka za ka ɗauke shi, ba aike ba.

Ranar da kuka zo yi wa dangi sallama ina zaune a ƙofar ɗaki ina kallon ku. Yaron nan majina har baki, yana ta goga gefen kansa a kafaɗar uwarsa, yana kai hannu yana jan kunne. Da ta kwantar da shi a tabarma sai ya callara ƙara, da ta ɗaga shi sai ya yi sauƙi. Na ce, "Rukayya, yaron nan lafiya kuwa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau, Mama, haƙori ne." Daga nan ya rarrafo ya kama ƙafar wandonka yana kuka, kai kuma saboda baffanninka suna zaune sai ka kau da kai kamar ba ka san ɗan wa ne ba. Baffanka har ya yaba, ya ce, "Madalla da ɗa mai kunya." Ni kuwa wallahi na taɓa ganin wannan kau da kai, kuma na san abin da ya ci.

Ka taso ka san kunnenka na hagu ba ya ji sosai. Ka saba da shi har ba ka lura: waya a dama, tafiya kana bin hagun mutum, a masallaci kana neman inda liman zai faɗo maka ta dama. An ce maka ciwo ka yi kana ƙarami, kuma gaskiya ne. Amma ba a taɓa gaya maka yadda ciwon ya samu wurin zama ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan gaya maka.

Kai ne ɗana na fari. Lokacin da na haife ka muna gidan haya a nan Rigasa, mu da Iya, mahaifiyar babanku, wadda ya ɗauko daga ƙauyensu na ƙasar Katsina da ya samu aikin tuƙa motar kaya a Babbar Kasuwa. Ka san al'adarmu: ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Ba na kiran sunanka, ba na yi maka wasa, ba na goya ka in da ido. Nono ma sai na shige ƙuryar ɗaki, in ba ka a gurguje, in miƙa wa Iya. Ni kuma na ɗauki abin da zafi fiye da kowa, don ina so a ce matar nan 'yar gidan mutunci ce. Kuma an ce ɗin. Mata suna shigowa suna cewa, "Hajara kam akwai kunya, ko kallon yaron nan ba ta yi." Ina jin daɗi har cikin raina, oh ni 'yasu.

Iya ta so ka, Allah ya jiƙanta. Ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kanka. Da ta ga kamar nonon ba ya isar ka, tun ba ka yi ƙwari ba ta fara ɗura maka ruwa da koko a bulumboti, kana kwance a bayanka tana yi maka waƙa. Daga baya ne na ji daga bakin ma'aikatan asibiti cewa akwai wata 'yar hanya tsakanin bayan hanci da cikin kunne, kuma a jikin jariri gajera ce, kwance take. In yaro yana sha a kwance, ko mura ta toshe shi, ta nan ciwo yake hawa. Saboda haka ka gaya wa Rukayya, ko nono ne ko kunu, ta ɗaga kansa a hannunta. Kuma ta ci gaba da ba shi nono a sake, ba na ɓoye irin nawa ba. In Allah ya kawo ƙani, wata shidan farko nono zalla, haka suke ta nanatawa a wurin awo, kuma na gwada a kan Binta na ga bambanci.

Wata damina, kana kusa da fara tafiya, mura ta kama ka, sai zazzaɓi ya biyo. Kana jan kunne, kana ƙin nono, da an kwantar da kai sai ihu. Iya ta ce haƙori ne, daidai yadda Rukayya ta ce. Ni kuwa da nake ba ka nono na fi kowa sani, don na ga da ka fara tsotsa sai ka saki ka kai hannu gefen hagu. Na sani sarai ba haƙori ba ne. Amma yaya zan buɗe baki a gaban surukata in ce ɗana ba shi da lafiya, a kai shi asibiti? Sai a ce ji mara kunya, tana rawar jiki a kan ɗan fari. Ina tsakar gida ina surfe, kukanka yana shiga har cikin ƙashina, ina ƙara wa taɓarya ƙarfi don kada a ga fuskata.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Ɗana, kunya ado ce, ban ce ka yar da ita ba. Kada ka rungumi Abba kana yi masa rawa a gaban baffanninka, na yarda. Amma in ciwo ya shigo gida, kunya ta koma zaure ta jira. Can inda za ku babu Iya, babu ni, babu Binta. Kai da Rukayya ne kawai, kuma ku biyun ɗan fari ne a wurinku. In kai ka kau da kai ita ma ta sunkuyar da nata, to wa zai duba yaron?

Bayan 'yan kwanaki sai aka wayi gari ka yi shiru, ka yi barci mai daɗi, ga mugunya ta ɓata zanen da ka kwanta a kai. Iya ta yi hamdala ta ce, "Ciwo ya fashe, ya fito, shi ke nan an rabu da shi." Ni ma na yi ajiyar zuciya, har na yi sadakar waina. Ashe ba warkewa ba ce. Dodon kunnen ne ya huje saboda mugunyar da ta taru a bayansa, shi ya sa zafin ya sauka. Ka riƙe wannan da kyau, don nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa: ranar da kunnen yaro ya fara zubar da ruwa, ranar ce ta tafiya asibiti, ko da yana dariya yana wasa.

Mu kuwa sai muka shiga yi masa hidima irin tamu. Iya tana da gashin zabo da take sakawa a jikin katanga, da shi take sharce maka kunne. Aka ɗiga man ja mai ɗumi, aka ɗiga ruwan albasa, wata maƙwabciya ta ce nonon uwa ne maganinsa, aka kira ni ƙurya na tatsa a cokali. Babanku ya sayo wani ruwa a 'yar kwalba a wurin mai talla a tasha, wai yana maganin kunne da ido da haƙori gaba ɗaya. Duk cikin ƙauna aka yi, babu wanda ya nufe ka da sharri. Amma kunne mai huji muke ta zuba wa abin duniya. Ya bushe wata guda, da ka yi mura sai ya dawo, har wari yake, ƙuda na bin ka. Haka aka ɗauki shekaru, mun saba da abin har muna cewa ai yaron nan mai ruwan kunne ne, kamar wata halitta.

Don Allah kada a saka wa Abba komai a kunne sai abin da likita ya rubuta bayan ya leƙa. Ba mai, ba nono, ba tsinken ashana, ba wannan tsinken mai auduga a baki da na gani a jakar Rukayya. Dattin kunne yana fitowa da kansa, iyakarta ta goge na waje da tsumma mai tsabta. Za ku samu masu ba da shawara a can, kowace unguwa da irin Iyarta. Ku ce an gode, ku wuce asibiti.

Da ka isa aike sai wata fitina ta taso. A kira ka ka yi banza da mutane. A ce ka sayo gishiri ka dawo da ashana. Babanku ya ce taurin kai ne, malamin makarantar allo ya ce wasa ya yi maka yawa. Ka sha faɗa, ka sha bulala, kuma akwai ranar da babanku ya dawo a gajiye ya yi ta kira ba ka waiwayo ba, ya kai maka mari a wannan kunnen dai. Ka tsaya kana kallonsa, ba ka ma san laifin da ka yi ba. Har ya koma ga Allah bai daina tuna wannan marin ba, ya sha gaya mini. Ko da wasa kada hannunka ya sauka a kunnen yaro. Kuma in ka ga yaro ya fara yin kamar bai ji ba, ko yana matsowa kusa da rediyo, ko maganarsa ta yi jinkiri, ka fara zargin kunnen kafin ka zargi halin.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Kowa a gidan nan yana kiran ka yana ganin ba ka amsawa, ni kaɗai ce ban taɓa gwadawa ba. Ni ba na kiran ka. In ina son ka sai in yafito ka da hannu, ko in ce da wani yaro, "Kira mini wancan." Kai kuma ka iya karanta hannuna da idona tun kana ɗan mitsitsi, kafin in ɗaga yatsa ka taso. Har ina cewa a raina, ni dai ban ga taurin kan da ake faɗi ba. Uwar da ya kamata ta fara ganewa, ita ce ta ƙarshe.

Allah ya tashi taimakonmu sai ya kawo mana Maman Talatu. Ba lallai ka tuna fuskarta ba. Nas ce, mutuniyar kudancin Kaduna, sun kama haya a gidan da ke jikin namu, shekaru kafin su koma tsallaken kogi. Kullum da safe takan tsaya sayen waina a hanyarta ta zuwa aiki. Mace ce mai baki, ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Wata safiya kana tsugune a bakin kwata ka ba mu baya kana wasa da murfin kwalba, ta dube ka ta dube ni.

Ta ce, "Hajara, yaron nan tun yaushe kunnensa yake wannan ruwan?"

Na ce, "Ai ya daɗe. Yana zuwa yana tafiya."

Ta ce, "Kira shi in gani."

Na yi murmushi na ci gaba da zuba ƙullu a tanda. Na ce, "Maman Talatu ke nan. Ai ɗan fari ne."

Ta ajiye kwanonta a kan benci. Ta ce, "Na san ɗan fari ne, a garin nan aka haife ni. Ba wasa na ce ki yi masa ba. Kira sunansa, a hankali, ina so in ga wani abu."

Wallahi na buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ga Iya a zaure tana jin mu, ga masu sayen waina. Na kasa. Maman Talatu ta yi tsaki ta ce, "Kai, ku da al'adarku!" Ta taka a hankali ta tsaya bayanka ta hagu, ta kira sunanka. Ko gezau. Ta ƙara kira, kana ta mirgina murfin kwalbarka. Sai ta zagaya ta dama ta kira da murya ɗaya, ka waiwayo firgigit kana dariya. Wainar da ke cikin tanda ta ƙone ƙurmus, ban ma ji ƙaurin ba sai da wata ta taɓa ni.

Ta ce, "Na hagun ya yi nisa. Na daman ma na ga yana taɓawa. In kuka ƙara zama, duka biyun za ku rasa." Ba ta tsaya jiran amsata ba, ta shiga zaure ta durƙusa ta gaida Iya, ta yi mata bayani tiryan-tiryan. Da yamma ta tare babanku a ƙofar gida ta maimaita masa. Washegari ya ajiye mota, ranar da ake lodin kaya kuwa, ya saɓa ka a kafaɗa a gaban duk 'yan unguwa, muka bi Maman Talatu har wurin likitan kunne a cikin gari. Shi ma fa ɗan farinsa ne kai. Har yau in na tuna shi yana tafe da kai a wuya, mutane suna kallo, bai damu ba, sai in ji duk wani ɓacin ran da ya taɓa shiga tsakaninmu ya wanke. Allah ya haskaka kabarinsa.

Likita ya leƙa da 'yar fitilarsa ya girgiza kai. Ya ce na hagun ya daɗe a huje, ciwon ya yi ɓarna a ciki, za a busar da shi amma jin ba zai dawo duka ba. Na daman kuwa an zo a kan gaɓa. Ya tambaya me ake sakawa, babanku ya lissafa, likitan bai yi mana faɗa ba, ya dai ce daga yau a daina. Aka wanke, aka ba da na sha da na ɗigawa, aka koya mana yadda za a murɗa tsumma mai laushi mai tsabta a sa a bakin kunnen ya tsotse ruwan, a canja har ya fito a bushe, kafin a ɗiga magani. Aka ce a kiyaye ruwa: in za a yi maka wanka a toshe bakin kunnen da auduga da aka shafa wa man shafawa, kuma ba kai ba wankan rafi.

Da muka dawo gida Iya ta kira ni ɗakinta. Na shiga, na ɗauka za ta ce mun tona mata asiri a gaban bare. Sai na tarar ta ciro gashin zabon nan daga katanga ta jefa a murhu. Ta ce, "Hajara, ke da kike ba shi nono, ba ki ga komi ba tun farko?" Na ce na gani. Ta ce, "To mi ya hana ki faɗi?" Na ce, "Kunyarki, Iya." Ta ce, "Ni kika ji wa kunya, ko kuwa yabon mata kika ji wa daɗi? Da kin faɗa mani, da ni zan goya shi in kai shi da ƙafata." Ban taɓa jin magana ta dake ni kamar wannan ba, don gaskiya ce. Shirun da na yi shekara da shekaru, ashe babu wanda ya nema daga gare ni.

Daga ranar Iya ta karɓi aikin busar da kunnen, safe da rana da yamma, ba ta taɓa tsallakewa ba. Malamin allo da aka gaya masa, ya daina bulala ya dawo da kai kusa da shi ta inda kunnen dama zai kama karatu, a haka ka sauke. Ka ga mutanen da suka tsaya maka. Maman Talatu kuwa ta rasu, 'yarta ce ta zo har nan ta gaya mini. Ba ni da abin da zan saka mata da shi sai dai in riƙa faɗin alherinta, kuma ga shi na faɗa maka. Duk kiran sallar da ka ji, duk kukan Abba da ya shiga kunnenka, akwai hannun matar nan a ciki.

Kada ka ɗauka daga nan na zama gwana. Da na ga ruwan ya tsaya, ka koma wasa, sai na ɗauke maganin shan na ɓoye sauran a cikin kwalla, wai saboda gaba. Ba a jima ba ciwon ya dawo. Maman Talatu ta wanke ni tas, ta ce, "Ke Hajara, in kina suya kina sauke waina don bayanta ya yi ja alhali cikin ɗanye ne?" Muka koma asibiti da kunya, aka sake sabon lale. In an ba Abba magani, a shanye shi har ranar da aka ce, ko ya warke a idonku. Kada a ba shi ragowar na wani, kada a ajiye nasa don wani. Wani lokacin kuma likita zai duba ya ce ba sai an sha mai ƙarfi ba, a ba shi na zafi da zazzaɓi daidai awon da aka faɗa, a dawo bayan kwana kaza. To ku koma ɗin, ko da ya yi garau, a tabbatar kunnen ya washe kuma yana ji.

Sai kuma hayaƙi. Da na haifi Binta, ita ba 'yar fari ba, na rama duk goyon da ban yi maka ba. Tana bayana daga asuba har hantsi ina suya a kan itace, hayaƙi yana turnuƙe mu. Yarinya kullum cikin mura, daga mura sai kunne. Sau biyu ina kai ta, a na biyun ma'aikaciyar ta shinshina zanen goyon ta ce, "Baiwar Allah, a cikin murhu kike renon ta?" Daga nan na riƙa shimfiɗa mata tabarma nesa, ta inda iska ba ta kai hayaƙin, kuma ciwon ya yi sauƙi ƙwarai. Ka duba ɗakin da za ku kama, kada wurin girki ya zama shi ne wurin kwanan yaro. Maganin sauro na kunnawa ma hayaƙi ne, ku sa gidan sauro. Abokin da yake shan taba ya sha a waje, in ya ji haushi ka ce ni na ce. Katin rigakafin Abba kuma kada ya shige ƙasan akwati, da kun sauka ku nemi inda za a ci gaba, don cikin alluran nan akwai masu tare irin ciwon da yake gangarawa kunne. Ku riƙa wanke hannu kafin ku taɓa abincinsa, mura daga hannu take yawo.

Akwai kuma abin da ba a jira da shi ko na awa ɗaya. In ka ga bayan kunnen ya kumbura ya yi ja har kunnen ya turo gaba, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana ta barci ba ya farkawa sosai, ko ya ƙi shan komai, ko jijjiga ta kama shi, ka bar duk abin da kake yi, ko a kan rufin mutane kake da allon sola a hannu. Likitan ya gaya mana kunne maƙwabcin ƙwaƙwalwa ne. Mu Allah ya rufa mana asiri ba mu kai can ba, ba don wayonmu ba.

Wataƙila in kun kai Abba a ce muku mura ce kawai, kunnen lafiya lau. To alhamdulillahi, sai ka ce tsohuwa ta sa ka asarar safiya, na ɗauka. Ka gaya wa Rukayya ba laifinta nake gani ba, yarinyar kirki ce, ina gode wa Allah da ya ba ni ita. Kunyata take ji, kamar yadda na ji ta Iya, kuma ina so ta ji daga gare ni cewa ban nema ba. Ta kira ni ko wane lokaci ta ce, "Mama, ɗana ba shi da lafiya." Ta faɗi "ɗana" ɗin da bakinta, ba abin da zai faɗo daga sama.

Kai kuma ga aikin da na ba ka. Na san sunan babanku ne da yaron, ba za ka iya kiran sa gatsau ba, to ai shi ya sa ake ce masa Abba. Lokaci lokaci, musamman bayan ya yi mura, ka lallaɓa ta bayansa yana wasa, ka kira shi a hankali ta dama, ka zagaya ka kira ta hagu. Ka ga ya waiwayo duka biyun. Abin da baƙuwa ta yi maka a bakin kwata ke nan ina tsaye da cokalin suya a hannu, kuma ba na so wani bare ya riga ka yi wa naka.

Ban taɓa jin ka yi ƙorafi a kan kunnen nan ba, ko sau ɗaya. Ka yi karatunka, ka koyi sana'arka, ka riƙe ni da ƙannenka bayan babanku. In na zauna ina lissafin abin da Allah ya yi mini, kai ne a farko, ko da yake bakina bai taɓa gaya maka ba. Ina neman ka yafe mini na hagun. Na daman kuma mu taru mu gode wa Allah da bayinsa da suka tsare mana shi.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya. Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya raya Abba, ya ba shi lafiyar ji da gani, ya sa ya ji ƙanku kamar yadda ka ji ƙaina. Allah ya yi maka albarka duniya da lahira. Akwai kuka da daddawa da yaji a ƙullin da Binta za ta kawo tare da takardar nan, na Rukayya ne, kada ka raba wa abokai.

In kun fito daga asibiti ku biyo ta nan in ji abin da aka ce. Ka shigo da yaron a kafaɗarka, ko wa ke zaure. Sannan ka zo ka tsaya kusa da ni, ka juyo mini da kunnen dama. Na gwada a ɗaki ni kaɗai, har yanzu yana tsaya mini a maƙogwaro, amma zan faɗa, ko Binta za ta mutu da dariya. Ga shi na fara da biro don bakin ya samu hanya.

Sulaimanu.

Ni ce mahaifiyarka,
Hajara.